Amanar Lafiyar Ɗalibai a Makarantun Ƙofar Nassarawa

Tun daga shekarar 1909, lokacin da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, da 1927 da aka kafa Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, Ƙofar Nassarawa ba ta gushe ba tana zama mafitar yaran birni zuwa neman ilmin zamani. Kuma duk uban da ya sallami ɗansa ta wannan ƙofa, haƙiƙa ya danƙa wa malamai amanar hankalin yaron da jikinsa gaba ɗaya. Malaman shari'a sun lissafa kiyaye rai cikin larurai biyar da addini ya zo domin tsarewa, saboda haka wajibi ne makaranta ta san ciwon ɗalibinta tun kafin ranar da zai tashi.

Mu fara da amosanin jini, wato sikila, wanda yaro ke gada daga uwa da uba a tare, wanda kuma ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya. Ƙwayoyin jinin mai wannan larura sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, musamman idan ƙishirwa ta kama shi, ko sanyin hunturu ya ratsa shi, ko aka wahalar da shi fiye da ƙima. Don haka malamin da ya tsayar da shi a rana, ko ya hana shi fita shan ruwa bisa zaton lalaci ne, ya cuce shi ba da sani ba. Jihar Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024, amma waɗanda aka riga aka haifa suna nan zaune cikin azuzuwanmu.

Haka mai ciwon asma, wanda ƙurar hunturu da sharar aji kan tayar masa da numfashi: maganin shaƙarsa a aljihunsa ya kamata ya zauna, domin idan aka kulle shi a ofis, kafin a nemo mai mabuɗi lamari ya ɓaci. Mai farfaɗiya kuwa, wanda jahilci kan sa a gudu a bar shi alhali ciwonsa ba ya yaɗuwa, haƙƙinsa ne a kawar masa da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. In jijjigar ta wuce minti biyar a garzaya da shi asibiti, ga na Murtala nan kusa a Ƙofar Mata.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne ya fi yawa, kuma a nan ne sakaci da magani ya fi bayyana. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma maganin da galibi akan sha sau shida cikin kwana uku, amma yaro da ya ji sauƙi a rana ta biyu sai ya ajiye sauran, ko ya ba abokinsa, ciwon ya dawo. Maganin wannan shi ne a naɗa mutum guda amintacce, nas ko malamin da aka horar, wanda zai riƙe littafi yana rubuta sunan ɗalibi da ciwonsa da maganinsa da lokacin sha, ya kuma rufa masa asiri.

Kanawa ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, balle mashaƙon da ya addabi yara a 2023, kuma dukkansu cunkoso ne ke ƙara musu ƙarfi, rigakafi ke karya su. Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu tun 2006. Abin da ya rage aiki da ita ne.

Ya ku iyaye, kada kunya ta sa ku ɓoye larurar ɗanku ranar da kuka kai shi makaranta. Ya ku shugabannin makarantu, ku tambaya, ku rubuta, ku ware ɗaki mai gado da ruwa mai tsabta, domin amana ce da za a tambaye ku a kanta gobe ƙiyama.