Bengt Edlén da Koren Layin Rana

Lokacin husufin rana na 1869, masana a Amurka sun tsaga hasken rawanin da ke kewaye da rana, wato korona, suka ga wani koren layi da bai dace da kowane sinadarin da aka sani ba. Kowane sinadari da irin layukan haskensa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. Sai aka ce ai sabon sinadari ne, har aka raɗa masa suna koroniyam. Ba a ga laifinsu ba, domin hiliyam ma a hasken rana aka fara hango shi a 1868, sai a 1895 aka same shi a doron ƙasa.

Shekara saba'in ana neman koroniyam, ko ƙyallinsa ba a gani ba.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Bengt Edlén, mutumin Suwidin, haifaffen garin Gusum a 1906. A Jami'ar Uppsala ya yi karatu a hannun Manne Siegbahn, ya sami digirin dakta a 1934. Aikinsa na masu haƙuri ne: yakan tayar da tartsatsin lantarki mai ƙarfi a bututun da aka zuƙe wa iska, ya fizge ilektron daga ƙwayoyin zarra, sannan ya zauna auna layukan hasken ɗaya bayan ɗaya.

A 1939 wani Bajamushe, Walter Grotrian, ya lura cewa wani jan layi na korona ya yi daidai da ma'aunin Edlén na ƙarfen da ya rasa ilektron 9. Edlén ya bi wannan sawu, zuwa 1942 ya tabbatar da cewa koren layin ma na ƙarfe ne, wanda aka raba da ilektron 13 cikin 26 ɗinsa. Ashe koroniyam ƙarfe ne zalla!

Amsar ta zo da wata sabuwar rigima. Ba a yi wa ƙarfe irin wannan fiɗa sai zafi ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar rana ba ta wuce kimanin digiri 5,500 ba. Yaya na nesa da wuta zai fi na kusa zafi?

Edlén ya zama farfesa a Lund a 1944, ya rasu a 1993. Tambayar da ya bari tana cikin dalilan da suka sa hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ta harba kumbon Parker a 2018, wanda ya kutsa cikin korona a 2021.