Rubu'in Milimita: Lissafin Gyaran Silindar Motocin Tsere a Garki

Idan mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, makanikan Garki da na Apo kan ce a buɗe inji, a yi borin, a sa fistan mai girma. Ga injin da aka zuba da baƙin ƙarfe, maganar daidai ce. Fistan na gyara yana zuwa hawa-hawa: ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 ko 1.00 a kan faɗin asali, wato abin da ake kira 010, 020, 030 da 040 a lissafin inci.

Wasu na zaton borin yana ƙara wa mota ƙarfi sosai. A ɗauki inji mai silinda 4, faɗin rami milimita 86, tafiyar fistan milimita 86. Cikinsa cc 1,998 ne. In an ƙara faɗin da 0.50, ƙarin kusan cc 23 ne kawai, kashi 1 da ɗan ɗoriya cikin 100. Ba za a ji shi a titin Ahmadu Bello ba.

Matsalar tana ga motocin tsere da manyan motocin Jamus masu bulon alminiyam. Kamfanin Mahle ya fito da shafen Nikasil a 1967, kuma kaurinsa a bangon silinda kusan milimita 0.1 ne ko ƙasa da haka, bai fi silin gashi da yawa ba. Ƙarin 0.25 a faɗi yana nufin an kankare 0.125 daga kowane gefe. Ke nan borin mafi ƙanƙanta ya riga ya cinye shafen duka, ya bar zoben fistan yana goga tsurar alminiyam mai laushi. Injin zai tashi, mai mota ya biya ya tafi, ba da jimawa ba ya dawo da hayaƙin da ya fi na farko. Wannan asara tana ba ni takaici, domin awo kaɗai zai hana ta. Irin wannan bulo, ko a sake masa shafe, ko a dasa masa silib na ƙarfe. Bulon Alusil kuwa, wato alminiyam mai silikon kusan kashi 17 cikin 100, yana karɓar borin, amma sai an yi masa gogewa ta musamman da za ta fito da ƙwayoyin silikon.

Porsche 911 ƙirar 996 da 997 ta farko sun yi suna wajen karcewar bango, musamman a ɓangaren silinda ta 4 zuwa ta 6. Tazarar fistan da bango 'yan ɗigo ce cikin ɗari na milimita, kuma a juyi 3,000 a minti fistan yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa. Ƙurar hunturu da ta ratsa tsagaggen filta ta isa ta ja layi.

Sai fetur. A shekarun 1990 fetur mai yawan farar wuta ya cinye Nikasil a injinan BMW a Amurka da Ingila, har kamfanin ya sauya shi. Turai ta tsayar da farar wuta a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Najeriya ta daɗe tana yarda da 1,000 a fetur kafin ta sa ƙa'idar 150 a 2017. Duk tsohuwar motar da ta yi waɗancan shekaru a Abuja, a leƙa silindarta da ƙaramar kyamara ta ramin fulogi, a auna ramin sama da ƙasa, kafin a yi ciniki.