Me Ya Sa Likita Yake Tambayarki Maimakon Ya Yi Miki Faɗa?

Duk wadda ta taɓa zama a bencin awo, a Babban Asibitin Gwarzo ne ko a ƙaramin asibitin mazaɓarku a ƙasar Kabo, ta san jawabin da ake yi kafin a fara kiran kati. Ki riƙa shan maganin ƙarin jini. Ki kwana cikin gidan sauro. Kada ki sayi magani a kemis ba tare da takardar likita ba. Idan naƙuda ta zo, a kawo ki asibiti. Duk gaskiya ne, kuma da yawa daga cikinku kun haddace shi tsaf. Amma ke ma kin san ƙwayoyin nan sukan ƙare a ƙarƙashin katifa, gidan sauron kuwa wani lokaci sai a lambu ake ganinsa ya zama shingen tumatir.

Ba rashin sani ne yake jawo haka ba. Zuciya ce take rabuwa gida biyu. Kina son jininki ya cika, amma ƙwayar tana tayar miki da zuciya. Kina son haihuwa a asibiti, amma kina jin kunyar uwar miji wadda ta haifi goma a ɗakinta. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa mutumin da zuciyarsa ta rabu haka, idan aka matsa masa ta gefe guda, sai ya koma yana kare ɗaya gefen. A ce masa ya bari, ya kawo dalilai goma na ci gaba, kuma da yake da bakinsa ya faɗe su, sai su ƙara zama daram a ransa.

A kan wannan ne aka gina wata hanyar tattaunawa da za mu iya kira hirar ƙarfafa niyya. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka, William Miller, shi ne ya fara rubutu a kanta a shekarar 1983, bayan wani zama da ya yi a ƙasar Norwe, inda matasan ma'aikata suka riƙa tsayar da shi suna tambayarsa dalilin kowace kalma da yake faɗa wa masu fama da shan giya. A 1991 shi da Stephen Rollnick suka fitar da littafi a kanta. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin littafin jagora da ta tanadar wa ma'aikatan ƙananan asibitoci a kan lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Ginshiƙinta ɗaya ne: dalilin sauya hali ya fito daga bakin mai halin, ba daga bakin ma'aikaci ba.

Mu ɗauki misali mai nauyi, wanda ba a cika son ambatonsa a bencin awo ba. A watan Mayu na 2018, jim kaɗan bayan wani rahoton bincike na BBC da ya nuna har da Kano, Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Dokar ba ta cire sha'awarsa daga jikin waɗanda suka riga suka saba ba, kuma akwai matan aure a cikinsu. Wasu ma sun koma tiramol ko ƙwayoyin barci.

To, a ce ga wata mai cikin wata biyar daga wajen Getso, ta daure ta gaya wa ungozoma cewa tana ɗan sha. Idan aka ce mata, "Ba ki da tausayi ne? Kashe yaron za ki yi?" an gama. Za ta sunkuyar da kai ta ce ta daina, kuma ba za a sake ganin katinta ba. Wadda ta koyi wannan hira daban za ta ɗauko zancen.

"Malama, na gode da kika amince kika gaya min, na san ba abu ne mai sauƙin faɗa ba. Wane amfani kike samu idan kin sha?"

"Ita ce ke sa ni barci. Idan ban sha ba, tunani ba ya barina in runtsa."

"Wato dare ne yake yi miki tsawo, kuma ita kaɗai kika samu da ke rage miki shi."

"Haka ne, Sista."

"To, tun da kika samu cikin nan, akwai abin da yake ɗan damunki game da ita?"

"Ina tsoron kada ta taɓa abin da ke cikina."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ake nema tun farko. Ki lura da yadda aka iso gare ta. An yaba mata a kan abin da ta yi na gaskiya, ba daɗin baki ba. An yi mata tambayar da ba a amsa ta da "e" ko "a'a". An maimaita mata maganarta domin ta ji an fahimce ta, ita ma ta ji kanta. Sai a nan ungozoma za ta nemi izini: "Kin yarda in gaya miki abin da muka sani a kan haka?" Idan ta yarda, sai a faɗa mata gaskiya ba ƙari ba ragi. Kodin da tiramol suna ratsa mabiyiya su isa ga jariri. Yaron da ya saba da su a ciki yakan fito da kuka mai tsanani, da karkarwa, da ƙin kama nono, har ya buƙaci a kwantar da shi. Tiramol kuma yana iya jawo wa uwa farfaɗiya. Daga nan sai a tambaye ta yadda ta ga wannan bayani, a yi shiru a saurara.

Abu guda da ya kamata ki riƙe idan wannan misali ya shafe ki: kada ki yanke shan waɗannan ƙwayoyi rana ɗaya ke kaɗai a gida. Yankewa farat ɗaya ga wadda jikinta ya saba yana iya jijjiga cikin. Likita ne zai tsara miki yadda za a yi, kuma zai duba tunanin da yake hana ki barci, domin sau da yawa ciwon damuwa ne a ƙarƙashi, kuma yana da magani.

Wata tambaya da za ki iya ji takan ba mata mamaki. A ce miki, daga sifili zuwa 10, ina kika ajiye muhimmancin shan maganin ƙarin jini a wurinki? Ki ce 4. Maimakon a ce me ya sa ba 10 ba, sai a ce, "Me ya sa 4, ba 1 ba?" Kafin ki ankara kin fara lissafa dalilanki: jiri da kike ji idan kin tashi daga bakin murhu, ƙanwarki da aka yi wa ƙarin jini a haihuwarta ta fari. Ba wayo ake yi miki ba. Dalilan naki ne, an dai ba su hanyar fitowa. Bayan haka ne ake zancen dabara, kamar shan ƙwayar bayan tuwon dare idan da safe tana tayar miki da zuciya.

Maigida, kai ma zancen ya shafe ka, haka ke ma Inna. A yawancin gidajenmu, daga Lakwaya zuwa Garo, ba mai cikin ce kaɗai take yanke shawarar zuwa awo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, kuma kowace tafiya tana buƙatar izini da kuɗin mota. Idan iyalinka ta ƙi zuwa, kafin ka ce taurin kai ne, tambaye ta a natse me ya faru a zuwanta na baya. Wataƙila an yi mata tsawa a gaban mata. Wataƙila cikin fari ne, kunya ta hana ta. Ke kuma, idan shi ne yake ja da baya, "Malam, me ka fi jin tsoro idan na haihu a can?" ta fi buɗe ƙofa a kan "Mijin wance ya kai ta." Yana iya yiwuwa kuɗin aiki yake tsoro, ko kuma ba ya son namiji ya duba ki, kuma kowanne akwai yadda ake tattauna shi da asibiti tun ciki bai tsufa ba.

Mu a Kano mun ga irin wannan da idonmu. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a jihar, ba a dawo da ita ba sai 2004, kuma bayan an dawo ma gidaje da dama sun ci gaba da rufe ƙofa. Cikin abubuwan da suka sassauto da jama'a akwai sa bakin sarakuna da malamai, da kuma matan unguwa 'yan sa-kai da suka riƙa shiga gida gida suna zama a tabarma su ji koken uwa tukuna. Ba da sunan wannan hira suka yi aikin ba, amma hanyar ta yi kama. A 2020 aka tabbatar da cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Nijeriya.

Sai dai kada mu ɗora wa hira abin da ba za ta iya ɗauka ba. Bincike ya nuna tana taimakawa, amma ba kowa take sauyawa ba, kuma sau da yawa zama ɗaya ba ya isa. Ba ta biyan kuɗin mota daga Kabo zuwa Kano, ba ta kuma rage layin ranar awo, inda ma'aikaciya ɗaya take fama da mata masu yawa. Akwai kuma lokutan da ba na tambaya ba ne sam. Zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani tare da dishi-dishin gani, kumburin fuska, zazzaɓi mai zafi, yaro ya daina motsi, naƙudar da ta wuce awa 12, ko mai ciki ko mai jego ta fara zancen cutar da kanta ko jaririnta: a nemi mota nan take a tafi asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.

Idan ranar awonki ta zagayo, ki zo da katinki da ragowar ƙwayoyin da ba ki sha ba, da duk wani magani da kike sha, na kemis ko na gargajiya. Idan abin da ke ranki ba na faɗa a gaban jama'a ba ne, ki ce wa ungozoma kina son ganinta ke kaɗai bayan an tashi.