Yadda Hawan Jini Yake Bin Gida

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai gidajen da aka sani da wani irin ciwo. Kakan gidan ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Bayan shekaru ɗansa ya tashi da asuba zai yi alwala, sai baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Waɗansu su ce iska ce ta buge shi. Waɗansu su ce sammu aka yi wa gidan. To, jama'a, ku saurara. Galibi abin da ya kayar da mutanen nan hawan jini ne. Gaskiya ne kuwa yana bin gida. Yau za mu ga yadda yake bi.

Da farko, mene ne hawan jini? Zuciya kamar injin ban ruwa take. Dare da rana tana tura jini cikin jijiyoyi, kamar yadda inji yake tura ruwa cikin mesa a lambun rani a Mairuwa. Idan ruwa ya yi yawa, ko mesa ta matse, sai ƙarfin turi ya ƙaru. Inji ya wahala, wata rana kuma mesa ta fashe. Haka yake a jikin mutum. Idan jijiya ta fashe ko ta toshe a cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar jiki. Idan zuciya ce ta gaji, sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙoda da ido su ma suna lalacewa.

Mugun halin ciwon nan shi ne, yakan yi shekaru ba ya nuna alama. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, alhali jininsa ya hau. Awo kaɗai ke tona asirinsa. Malamin asibiti zai ɗaura maka wani ƙyalle a damtse, ya hura masa iska, sa'an nan ya karanta lamba biyu. Idan ya ce 120 bisa 80, lafiya lau. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake awo wata rana aka sami haka, to hawan jini ne.

Yanzu mu zo ga gado. An gina jikin mutum da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. A cikin ƙwayoyin nan akwai wani dogon rubutu. Shi ne yake faɗa wa jiki yadda zai ginu da yadda zai yi aiki: tsawo, da launin fata, da yadda ƙoda za ta tace jini. Rabin rubutun daga uba ne, rabi daga uwa. Harufansa iri huɗu ne kacal, amma jerinsu ya kai miliyan dubu uku.

Ku da kuke koyon karatu kun san ƙarfin harafi guda. Ku rubuta gona. Ku sāke harafi ɗaya, ta zama gora. Baki da baƙi ma ɗan lanƙwasa ne ya raba su. To, haka rubutun jiki yake. Idan aka ɗauki mutum biyu aka gwada nasu, za a tarar sun bambanta a wajen harafi ɗaya cikin dubu. Mafi yawan bambancin nan ba ya komai. Amma wani yakan sa ƙodar mutum ta riƙe gishiri fiye da ta maƙwabcinsa. Gishiri kuwa yana jan ruwa, ruwa ya ƙara yawan jini. Wani bambancin yakan sa jijiya ta yi saurin matsewa.

Kun san ciwon sikila. Shi harafi ɗaya ne ya sāke, kuma yaro ya samo shi daga uba da uwa duka. Hawan jini ba haka yake ba. A 2018 masana suka gama binciken rubutun jikin mutum fiye da miliyan ɗaya. Lissafinsu ya nuna wurare sama da 900 da suke da hannu cikin hawa da saukar jini. Kowane ɗaya ɗan kaɗan yake ƙarawa, kamar tsabar dawa a cikin mudu. Tsaba ɗaya ba ta cika mudu. Amma wani an haife shi da mudunsa ya kusa cika, wani kuwa nasa rabi. Don haka za ku ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya jininsa ya hau yana da shekara 40, ɗayan ya tsufa lafiya. Kowannensu rabin da ya ɗebo daban ne. Masana sun ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin jinin mutane daga gado yake.

Akwai dai gidaje 'yan kaɗan da sāke ɗaya tak ya ishe su. A 1963 wani likita a Amurka, sunansa Liddle, ya ba da labarin wani gida inda samari da 'yammata suke da hawan jini mai tsanani. Ƙodarsu ce ba ta sakin gishiri. Irin wannan yana da wuyar samu, kuma maganinsa daban ne. Shi ya sa idan aka sami hawan jini ga yaro ko saurayi, sai a kai shi babban asibiti a bincika sosai.

Ga kuma wani abin mamaki da ya shafe mu. Tsofaffi suna tuna ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa. A shekarun 1930 da 1940 har ƙauyuka aka tayar a ƙasar Anchau saboda shi. A 2010 masana suka gano wani sāke a rubutun jiki, wanda yake da yawa a Afirka ta Yamma. Yana taimakon jiki wajen yaƙi da wani irin ciwon barci. Amma wanda ya gaje shi daga uba da uwa duka, ƙodarsa ta fi saurin lalacewa. Abin da ya tsare kakanni, shi ne yake cutar waɗansu jikoki. Ciwon ƙoda kuwa yana ta da jini, hawan jini kuma yana ƙara ɓata ƙoda. Sai dai mu faɗi wani abu: mafi yawan mutanen da aka duba a babban binciken 2018 Turawa ne. Namu mutanen ba a duba su da yawa ba, wannan kuwa bai kyautu ba.

Kada wani ya ce, tun da gado ne, ba abin yi. Kowane manomi ya san iri ɗaya yakan yi dabam a fadama, ya yi dabam a jigawa. Ga shaida. A 1997 aka buga wani bincike a kan baƙar fata waɗanda asalin kakanninsu Afirka ta Yamma ne. A Afirka ta Yamma, watau Nijeriya da Kamaru, mutum 16 cikin 100 aka samu da hawan jini. A Jamaika da waɗansu tsibiran yankin, 26. A Amurka, 33. Tushe ɗaya ne, amma abinci da zama suka bambanta. Inda aka fi cin gishiri, aka fi ƙiba, can ciwon ya fi yawa.

Saboda haka sai mu leƙa tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ba na miya kaɗai ake nufi ba. Magi gishiri ne. Yajin tsire da na taliyar leda cike suke da shi. Kanwa ma 'yar'uwarsa ce, aikinsu ɗaya a jiki. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura mata masu jego da yawa suna zuwa da ciwon zuciya. Suka zargi kunun kanwa da zafin jego. Binciken baya ya nuna akwai waɗansu dalilai kuma, kamar rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin ciki. Duk da haka, macen da jininta yake hawa, kada a cika ta da kanwa. Uwargida, ki rage gishiri sannu sannu, ki ƙara albasa da daddawa da citta. Cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Mutane sukan ce tunani ne yake kawo hawan jini. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300, ko wanda ya bar gonarsa a Faskari ko Sabuwa saboda ɓarayin daji, ya san yadda barci yake ƙaurace wa ido. Fargaba da rashin barci suna ta da jini. Amma wanda mudunsa ya kusa cika tun haihuwa, shi ne zai fara zuba. Taba sigari da ƙiba da yawan shekaru duk suna ƙara tsaba. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a tire ranar kasuwar Sheme ko wata kasuwa. Waɗansunsu suna ta da jini, suna cin ƙoda.

Magani yana nan, kuma yana aiki ko da ciwon na gado ne. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe shida na Afirka, har da Nijeriya. Aka ga haɗin magani biyu mai ɗauke da Amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata. Likita ne zai zaɓa maka wanda ya dace, kada ka sha na maƙwabci. Kuma ba kamar maganin zazzaɓi ba ne, da za a sha kwana uku a bari. Kullum ake sha. Wanda ya ji sauƙi ya daina, jinin zai sake hawa bai sani ba.

In kun koma gida yau, ku tambayi tsofaffi. Wa ya taɓa shanyewa a dangi? Wa ya kumbura ya rasu? Wace ce ta yi jijjiga wajen haihuwa? Ku tambaya ta wajen uba, ku tambaya ta wajen uwa, domin rabi da rabi ne. In an samu, ku faɗa wa malamin asibiti, ku ce ya auna ku, ko da kuna jin garau. Babba ya yi awo ko sau ɗaya ne a shekara. Mai ciki kuwa a auna ta duk ranar da ta je awo. Tun da yanzu kun iya rubutu, ku rubuta lambobin nan biyu da kwanan wata a bayan littafinku, ku riƙa zuwa da shi asibiti.