Taya Ita Ce Ƙafar Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Anka, ya wuce Daki Takwas ya nufi Gummi, ko ya ratse zuwa Bukkuyum, ya san yadda ake cika mota da mutane da buhunan gero ranar kasuwa. Amma kaɗan ne ke duban abin da ke ɗauke da nauyin nan duka.

Ka sani, mai karatu, abin da kowace taya ke taɓawa na ƙasa bai fi tafin hannunka ba. A nan birki ke aiki. Zanen da ke jikin taya shi ke kore ruwa da damina. In zurfinsa ya kasa milimita 1.6, sai mota ta yi sulɓi, birki ya ƙi kama ta. Da bazara kuwa, zafin kwalta da yawan lodi da ƙarancin iska su ke fasa taya ana cikin gudu.

Kafin ka sayi taya, duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT. In ka ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na 2021. Roba takan tsufa ko ba a mora ta ba, saboda haka a yi hattara da gwanjo. Araha ba ta ado.

Mai gida, sa mai faci ya gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi. Uwar gida, in kin ga taya ta zama sanƙo, ki jira wata motar. Gara jinkiri da ta'aziyya.