Tagwayen Madubi: Abubuwan Ban Mamaki 15 Game da Sinadaran Dama da Hagu

Akwai sinadaran da ke zuwa biyu-biyu, irin zubin hannun dama da na hagu. Kayan gininsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, amma duk yadda aka juya ɗayan ba zai hau kan ɗan'uwansa daidai ba, don kowane surar ɗayan ne a madubi. Sama da shekara 170 ke nan masana kimiyyar sinadarai suna fama da tambaya guda: yaya za a ƙera ɗaya a bar ɗayan? Dabarar da ke tashe a yau ita ce a sa ma'aikata biyu su kama aikin a lokaci guda. Ga abin da aka tsinta a hanya.

1. Da hantsaki aka fara

A 1848, a birnin Paris, Louis Pasteur yana ɗan shekara 25 ya ƙura wa ƙwayoyin wani gishiri ido a madubin ƙara girma, ya ga wasu sun karkata dama, wasu hagu. Ya ɗauki ɗan hantsaki ya tsince su ɗaya-ɗaya zuwa tsibi biyu. Gishirin na asid ɗin tatarik ne, wanda shi ne ke sa tsamiya tsami. Sanyin Faransa ma ya taimake shi, domin idan zafi ya haura kimanin digiri 28, tagwayen ba sa rabuwa, cakuɗe suke daskarewa. Da a bazarar Kano ko Damagaram ya yi gwajin, da bai ga komai ba.

2. Hanci da harshe sun riga na'ura

Sinadarin kabon shi ne tsakiyar lamarin: yana da hannu huɗu, kuma idan kowane ya riƙe abu daban, tagwaye ke fitowa. Jikinmu kansa da ɓangare ɗaya aka gina shi, shi ya sa yake tantance su. Sinadarin carvone, ɗaya tagwan ƙamshin na'ana'a yake, ɗayan kuma ƙamshin 'ya'yan karawiya da Turawa ke sa wa burodi. A 1886 Arnaldo Piutti na Italiya ya gano cewa asparagine guda yana da zaƙi, ɗan'uwansa kuwa salam. Sukarin gulukos na hagu yana da zaƙi a baki, amma jiki ba ya iya ƙona shi. An so a mayar da shi sukarin masu rage ƙiba, tsadar ƙera shi ta hana.

3. Maganin da ya girgiza duniya

An fara sayar da thalidomide a Jamus ta Yamma a 1957, har mata masu laulayin ciki suka riƙa sha. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu. Ana yawan cewa da an ba da tagwa ɗaya kaɗai da an tsira, amma ba haka ba ne: a cikin jini kowane yana rikiɗa ya koma ɗan'uwansa. Duk da haka masifar ta buɗe idon hukumomi, kuma a 1992 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa a yi nazarin kowane tagwa daban. Yau ana amfani da maganin, ƙarƙashin sa ido sosai, wajen wata matsalar kuturta da wata kansar ɓargo.

4. Tukunya ba ta da zaɓi

Idan aka haɗa sinadarai ba tare da jagora ba, rabi-da-rabi ake samu, 50 dama, 50 hagu. Kuma lissafin ninkuwa yake yi: kabon mai tagwaye ɗaya, siffa 2, biyu, siffa 4, kolestarol mai takwas, siffa 256 a takarda, alhali guda tak jiki ke ƙerawa. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar bambancin da ake nema. A zafin ɗaki, idan hanya ɗaya ta fi ɗayar sauƙi da kilokalori 2.7 kacal a ma'aunin mol, za a sami 99 bisa 1. Wannan bai wuce kusan kashi ɗaya cikin talatin na ƙarfin da ya ɗaure kabon da kabon ba.

5. Dillalai biyu a ciniki ɗaya

Katalis shi ne sinadarin da ke gaggauta haɗuwar wasu ba tare da shi ya ƙare ba. Aikinsa irin na dillalin kara ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a ƙulla, ya wuce ciniki na gaba. A tsarin haɗin gwiwa dillalan biyu ne, ɗaya riƙe da mai saye, ɗaya riƙe da mai sayarwa, kuma su suke tsara ta gefen da za a fuskanci juna. Amfanin biyu ne. Haɗuwar da ta gagari katalis ɗaya takan yiwu, sannan abin da aka riƙe ta wurare da dama ba shi da damar juyawa, don haka fuska ɗaya kawai yake miƙawa.

Jiki ya daɗe da wannan dabara. A chymotrypsin, wani enzayim (katalis ɗin jiki) mai narkar da furotin a hanji, amino asid uku ke aiki a jere: serine ke kai sara, histidine ke zare masa haidirojin don ya yi kaifi, aspartate ke daidaita tsayuwar histidine. Urease kuwa, enzayim ɗin ƙasa da ke fasa takin yuriya har amoniya ta tashi idan an bar takin a fili, ƙwayoyin ƙarfen nikel biyu ne ke aiki kafaɗa da kafaɗa a cikinsa.

6. Kwinin ya yi aikin da ba na zazzaɓi ba

A 1912 Georg Bredig da abokin aikinsa Fiske suka jefa kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, cikin wani haɗi, suka ga tagwa ɗaya ya ɗan rinjayi ɗayan. Da suka sa ɗan'uwansa kwinidin, sai rinjayen ya koma ɗaya ɓangaren. Tazarar ba ta kai 55 bisa 45 ba. Sai a 1981 Hans Wynberg na Holan da abokin aikinsa suka nuna sirrin dangin kwinin: hannu biyu gare su, naitirojin mai kama abu ɗaya, da reshen oksijin da haidirojin mai kama ɗayan.

7. Daga karkarwa zuwa sanyin maƙogwaro

William Knowles na kamfanin Monsanto ya fara a 1968 da rinjayen kusan 57 bisa 43. Cikin 'yan shekaru katalis ɗinsa na ƙarfen rodiyum ya haura 97 cikin 100, aka shiga ƙera L-DOPA, maganin cutar Fakinsin mai sa karkarwa. A Japan, katalis ɗin Ryoji Noyori ya ba kamfanin Takasago damar ƙera mentol tun shekarun 1980. Mentol siffa 8 gare shi, amma guda ce ke ba da cikakken sanyin da ake ji a alawar tari da man zafi. Knowles da Noyori da Barry Sharpless suka raba kyautar Nobel ta 2001.

8. Ƙarfen da ba ya taɓa abin da yake sarrafawa

A 1995 Noyori ya fito da wani katalis na ruteniyum. Da aka bi diddigi, sai aka ga sinadarin da ake sarrafawa bai ma manne wa ƙarfen ba. Ƙarfen na miƙa haidirojin ɗaya, naitirojin ɗin da ke maƙale da ƙarfen na miƙa na biyu. Da wannan haɗin kai, ƙwayar katalis guda ta iya maimaita aikin fiye da sau miliyan 2.

9. Har a gonar masara

Maganin ciyawa metolachlor, wanda ake fesa wa gonakin masara, kusan duk ƙarfinsa a ɓangare ɗaya yake. Daga 1996 aka fara ƙera shi da katalis na iridiyum a Siwizalan, sama da tan 10,000 a shekara. Katalis ɗin ba ya gudu yadda ake so sai an haɗa shi da asid da ɗan sinadarin aidin. Sakamakon: an rage yawan abin da ake fesawa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ciyawa kuma ta mutu yadda ta saba.

10. Abokan aikin da ke iya kashe juna

Babbar wahalar wannan fanni ita ce ma'aikatan biyu sukan fi son juna a kan aikin. Asid da kishiyarsa, idan aka zuba su tukunya ɗaya, rungumar juna suke yi, duka su mutu. A 1992 Masakatsu Shibasaki na Tokyo ya ɗaure ƙarfe iri biyu, lantanum da litiyum, a gini ɗaya, kusa yadda za su yi aiki tare, amma kowane a mazauninsa. A 2003 Yoshiji Takemoto na Kyoto ya yi irin wannan ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba.

11. Ka ninka sau biyu, ka sami sau huɗu

Eric Jacobsen na jami'ar Harvard ya lura da wani baƙon lissafi: idan ya ninka yawan katalis ɗinsa sau biyu, saurin aikin kan ninku kusan sau huɗu. Ma'anar ita ce ƙwayoyin katalis biyu ne ke haɗuwa kafin komai ya faru, ɗaya ta riƙe abin da za a buɗe, ɗaya ta kawo mabuɗin. A aikin da ya wallafa a 1997 ƙarfen kobalt ne, mabuɗin kuma ruwa ne tsagwaronsa. Ruwan kan cinye tagwa ɗaya ya bar ɗayan da tsabtar da ta haura 99 cikin 100. Da suka gane haka, sai suka ɗaure ƙwayoyin katalis ɗin da juna don kada su ɓata lokacin neman abokin aiki, ɗan kaɗan ya riƙa yin aikin mai yawa.

12. Abin da ya kwana shekara 30 a takarda

Proline ƙaramin amino asid ne mai araha, yana jibge a furotin ɗin fata da jijiya, har a gandar da ake ci. Tun farkon shekarun 1970 masanan kamfanonin Schering da Hoffmann-La Roche suka yi amfani da shi wajen ƙera wani sinadari mai ɓangare ɗaya, aka ɗauka sa'a ce ta haɗi guda. A 2000 Benjamin List ya nuna cewa ƙa'ida ce mai faɗi: naitirojin ɗin proline na kama abu ɗaya, reshensa na asid na jawo na biyu. A shekarar David MacMillan ya iso ga makamancin hakan ta tasa hanyar. Su biyun suka karɓi Nobel a 2021.

13. Ƙwan fitila a matsayin ma'aikaci

A 2008, a jami'ar Princeton, MacMillan da David Nicewicz suka haɗa katalis biyu. Na ruteniyum yana zuƙar haske ya yi amfani da shi wajen fasa sinadari ɗaya zuwa ɓarɓashi mai zafin nama. Na biyun yana riƙe da ɗaya sinadarin, ya toshe masa fuska ɗaya ya bar ɗayar a buɗe. Hasken da suka yi amfani da shi na ƙwan lantarkin gida ne mai wat 15.

14. Huɗu daga kaya ɗaya

Sinadari mai cibiyar tagwaye biyu siffa huɗu gare shi, kuma a al'ada katalis ɗaya biyu kawai yake iya kai ka gare su, sauran biyun sai an sake shiri daga tushe. A 2013 Erick Carreira na Zurich da ɗalibansa suka raba aikin: katalis na iridiyum ke yanke hukuncin cibiya ɗaya, wani da aka samo daga dangin kwinin ke yanke na ɗayar. Kowane yana da nau'i biyu masu jan hanya daban. Dama da dama, dama da hagu, hagu da dama, hagu da hagu: haɗi huɗu, siffa huɗu, daga kayan farawa iri ɗaya, a yanayi iri ɗaya. Ga mai neman magani wannan babban sauƙi ne, tunda sai an gwada duka huɗun kafin a san mai warkarwa da mai cutarwa.

15. Me ya sa rayuwa ta ɗauki ɓangare ɗaya?

Furotin ɗin halittu da amino asid na hagu ake gina su, sukarin da ke cikin DNA kuma na dama ne, daga ƙwayar cuta har giwa. A 1995 Kenso Soai na Tokyo ya gano haɗin da abin da aka ƙera shi ne katalis ɗin ƙera kansa, kuma ƙwayoyinsa ƙungiya suke yi kafin su yi aiki. A wani gwaji na 2003, rinjayen ɗaya cikin miliyan biyu ya zama sama da 99 cikin 100 bayan zagaye uku kacal. Wato ɗan karkata kaɗan ya isa. Dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya a 1969, an sami ɗan rinjayen hagu a wasu amino asid ɗinsa. A 2016 kuma aka hango propylene oxide a gajimaren Sagittarius B2, kusa da tsakiyar tarin taurarinmu, sinadari mai tagwaye na farko da aka gani a tsakanin taurari, kuma yana cikin waɗanda ruwan Jacobsen ke rabawa.

Ƙwarewar ta kai inda ta fara ba masu ita tsoro. A Disambar 2024 masana 38 suka wallafa gargaɗi a mujallar Science cewa kada a ƙera ƙwayar bakteriya wadda dukkan sinadaranta na madubi ne, domin garkuwar jikin mutum da dabba da tsiro da siffa take gane maƙiyi, kuma mai yiwuwa ba za ta gane wannan ba. Wasu daga cikin masu sa hannun su ne da can suke ƙoƙarin ƙera ta.