Yawan Ciniki Ba Shi Ne Ci Gaba Ba: Yadda Ake Auna Lafiyar Kamfani

A ƙarshen kowace shekara kamfanoni kan fitar da rahoton lissafinsu, kuma abin da masu hannun jari kan fara dubawa shi ne yawan cinikin da aka yi da ribar da aka samu. To amma abin da ya auku ga wasu manyan kamfanonin Nijeriya a shekarar 2023 ya nuna cewa waɗannan alƙaluma biyu kaɗai ba su isa su bayyana ko kamfani yana ci gaba ne ko kuwa yana ja da baya ba.

A waccan shekarar, kamfanin sadarwa na MTN Nigeria ya yi cinikin fiye da Naira miliyan dubu 2,400, wato ƙarin kimanin kashi 22 cikin 100 a kan na 2022, amma ya rufe shekarar da asarar Naira miliyan dubu 137. Shi ma kamfanin kayan abinci na Nestle Nigeria cinikinsa ya ƙaru zuwa Naira miliyan dubu 547, sai dai ya yi asarar kimanin Naira miliyan dubu 79. Wanda ya dubi ciniki kawai zai ce an yi nasara, wanda kuma ya dubi asara kawai zai ce kamfanonin sun durƙushe. Dukkansu biyu sun yi kuskure, domin akwai ma'aunai da dama da ya wajaba a haɗa kafin a yanke hukunci.

Ma'auni na farko shi ne a gwada ƙaruwar ciniki da hauhawar farashin kayayyaki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disamba na 2023 hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin 100. Ke nan cinikin da ya ƙaru da kashi 22 bai ma kamo tsadar kaya ba. Alal misali, a ɗauka wani ɗan kasuwa ya saro buhu 100 na sukari a kan Naira 40,000 kowane, ya sayar a kan Naira 46,000. A takarda ya ci ribar Naira 600,000. Idan ya koma wurin dila ya tarar buhu ya zama Naira 50,000, duk kuɗin da ke hannunsa buhu 92 kaɗai za su saya masa. Ashe jarinsa ne ya ragu da buhu 8. Saboda haka a lokacin tsada, ƙidayar kaya ta fi ƙidayar kuɗi faɗin gaskiya.

Na biyu shi ne a raba ribar da ainihin sana'a ta kawo da wadda ta rage bayan an cire kuɗin ruwa da haraji da asarar canjin kuɗi. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji wuri guda, inda Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa wajen Naira 900 a ƙarshen shekara. Duk kamfanin da ake bin sa bashin Dala sai ya ga bashin ya kusan ninkawa. MTN kaɗai ya lissafa asarar canji ta kimanin Naira miliyan dubu 740. Sana'ar kanta tana kawo riba. Ciwon yana ga irin bashin da aka ɗauko. Idan ba a rarrabe ba, sai a ɗora laifi a kan masu sayar da kaya alhali matsalar tana ofishin kuɗi.

Na uku shi ne kuɗin da suka shigo hannu. Ana rubuta riba da zarar an sayar da kaya, ko da kuwa bashi aka bayar, amma ba a biyan albashi da ribar takarda. A watan Agusta na 2009 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5 tare da zuba wa bankunan Naira miliyan dubu 420, bayan bincike ya gano tarin basussukan da ba a biya. Darasin bai tsaya ga bankuna ba: wajibi ne kowane kamfani ya san kwana nawa masu karɓar kayansa bashi ke ɗauka kafin su biya, da kuma ko kwanakin suna ƙaruwa.

Na huɗu shi ne saurin juya jari. Wanda ke cin ribar kashi 5 amma yana juya jarinsa sau 10 a shekara ya tashi da kashi 50, ya fi wanda ke cin kashi 20 yana juyawa sau 2 kawai. Kayan da suka kwanta a sito kuɗi ne da aka ɗaure.

Sai dai dukkan waɗannan ma'aunai labarin abin da ya wuce suke bayarwa. Wannan ne ya sa a shekarar 1992 wasu masana biyu na Amurka, Robert Kaplan da David Norton, suka fito da tsarin auna kamfani ta fuskoki 4: kuɗi, gamsuwar masu sayayya, ingancin aiki a cikin kamfani, da ƙwarewar ma'aikata. Dalilinsu shi ne, kafin asara ta bayyana a littafin lissafi, an riga an ga alamunta: tsofaffin abokan ciniki sun daina dawowa, kayan da ake maidowa sun yi yawa, ƙwararrun ma'aikata suna ajiye aiki.

Ba sai kamfani ya zama babba zai yi amfani da wannan hanya ba. Abin da ake bukata shi ne shugabanninsa su zaɓi ma'aunai kaɗan da suka dace da sana'arsu, su riƙa duba su kowane wata, suna gwada su da na bara da kuma na abokan gasa. Mai jiran rahoton ƙarshen shekara kafin ya san halin da jarinsa ke ciki yakan sami labari ne bayan an ci uwar kuɗi. Hausawa dai sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.